Foka mai iyaka: in zuba tun farko, ko in yi lamɓo in ƙara?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum. Muna taɓa foka mai iyaka (wasan kati da aka ƙayyade abin da za a zuba ko a ƙara kowane lokaci) da yamma, da murfin kwalba muke lissafi, ba kuɗi a ciki. Ga inda nake rikicewa. Mu huɗu ne, mai rabon kati ya ƙara kafin a buɗe katin tebur, kowa ya bi da bibbiyu, tuli (abin da aka tara a tsakiya) ya zama 8. Ina riƙe da As da 10, aka buɗe 10, 6, 2, kuma ni ne farkon magana. In zuba, ko in buga tebur, wato in wuce ban zuba ba, in jira ya zuba sannan in ƙara?

Yaya Na Pantami:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka kalli katinka, kalli inda mai ƙarin nan yake zaune. Tunda shi ne ƙarshe, buga tebur.

Ga lissafin. In ka zuba 1, tuli ya zama 9, na kusa da kai zai biya 1 ya nemi 9. A ce Sarki da Sarauniya ne a hannunsa: kati 6 ne za su ɗora shi a kanka cikin 47 da bai gani ba, wato 41 marasa amfani da 6 masu amfani, kusan 7 da 1. An ba shi 9 da 1, ai dole ya bi, kuma bai yi kuskure ba. Amma in kun wuce ku uku, mai rabo ya zuba 1, ka mai da shi 2, tuli ya zama 11 kuma kowanne cikin biyun nan sai ya ciro 2 a lokaci guda. Biyar da rabi ke nan da 1. Ya bi, ya yi asara a lissafi. Ya ajiye, ka rabu da shi. A wasan da ba ka da ikon zuba abin da ka ga dama, wannan ce kaɗai sandar korar mutane.

Malam Bolari:
Lissafin Yaya daidai ne, sai dai ya tsaya ne a kan cewa mai rabo zai zuba. In mutum ne mai sanyin hannu, wanda ba ya zubi sai ya dace, za a wuce gaba ɗaya, kati na huɗu na tebur ya fito kyauta, Sarki ya faɗo, goman nan taka ta zama ta biyu. Ga irin wannan, zuba abinka kawai.

Kuma da a hagunka mai ƙarin yake, sai maganar ta juye: ka zuba, shi ya ƙara, shi zai yi maka korar. In ka yi lamɓo a nan, sauran sun riga sun saka ɗai-ɗai, ba wanda zai gudu don ƙarin 1.

Ɗan Jekadafari:
To Malam, yaushe ake son su zauna ɗin?

Malam Bolari:
Lokacin da kake neman tuli ya kumbura. Misali kana da kati huɗu masu alama iri ɗaya kana jiran na biyar: 9 ne suka rage, kuma wajen kashi 35 cikin 100 za ka samu kafin a gama buɗewa. In mutum uku za su bi ƙarinka, kashi ɗaya cikin huɗu kake sakawa, rabonka ya fi haka. Da mutum ɗaya tak, ba riba.

Mai kati uku masu lamba ɗaya kuwa, sau da yawa gara ya bi shiru ya bari sai kati na huɗu, inda zubi ke ninkawa. Amma ka lura, ana tsayawa ne a zubi huɗu a zagaye a yawancin tebura, kuma in ka ƙara a kati na huɗu aka sake ƙara maka, da wuya a ce 10 biyu ne ke gaba.