Wata yarinya ta tambaye ni ko kakarta ma iyali ce

Ɗalibar koyarwa:

Assalamu alaikum malamai. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, yanzu ina gwajin koyarwa a aji uku na firamare, kuma darasin zamantakewa aka ba ni. Ni ce ma na roƙa, don tun ina ƙarama shi na fi so.

Ranar Talata na shiga da batun iyali. Na rubuta a allo yadda yake a littafi: iyali su ne uba da uwa da 'ya'yansu. Yara suka maimaita sau uku da ƙarfi, ni kuwa raina fari tas, na ɗauka darasi ya shiga. Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya fice, sai wata yarinya ta tsaya a gefen teburina tana murza gefen littafinta. Murya can ƙasa ta ce, "Malama, ni wurin kakata nake. Ke nan ba ni da iyali?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Na ce mata tana da shi mana, amma na ga ba ta gamsu ba. Allo ya faɗi wani abu dabam, kuma a wurinta allo ba ya ƙarya.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Ba na so in zama malamar da yara za su haddace ma'anar al'umma amma su rasa inda suke a cikinta. Ga shi kuma jarrabawa ma'anar nan za ta tambaya. Don Allah yaya kuke haɗa biyun?

Tsohon malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, kusan duk wanda ya riƙe alli ya taɓa yin irin wannan.

Darasin nan tun asali ba don hadda aka kafa shi ba. Sunansa ya kafu ne a Amurka a 1916, lokacin da wani kwamiti ya tara tarihi da labarin ƙasa da ilimin zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin laima ɗaya, don a shirya yaro ya iya zama da mutane. Ƙasashen Afirka kuma sun ɗauke shi da gaske bayan taron ilimi da aka yi a Mombasa ta ƙasar Kenya a 1968. Tsarin da manhajoji da yawa suke bi, wanda ake danganta shi da masanin ilimi Ba'amurke Paul Hanna, shi ne a fara daga yaron, sai gidansu, sai makaranta, sai unguwa, a yi ta faɗaɗawa har a kai ga duniya. To ke daga littafi kika fara, shi ya sa.

Ki raba musu takarda, kowa ya zana mutanen da yake kwana gida ɗaya da su. Ki manna zanen a bango. Za ki ga mai mutum biyu, za ki ga mai goma sha biyar. Sannan ki tambaye su: me ya haɗa waɗannan gidajen duka? Da bakinsu za su ce ana kula da juna, ana taimakon juna. Bayan nan sai ki kawo ƙaramin iyali da babban iyali, ki ba su ma'anar littafi su rubuta. Ba su rasa makin jarrabawa ba, yarinyar kuma ta ga gidansu a bango.

Malama mai aji biyar:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ƙanwata, kada ki tilasta wa kowa ya tashi ya bayyana zanensa. A kowane aji akwai maraya, akwai wanda iyayensa suka rabu. Wanda ya ɗaga hannu shi za ki kira.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne daɗewa a kan gida da unguwa. Yara suna da ƙishirwar abin da ke nesa. Na taɓa ajiye taswirar bango kusa da ƙwallon duniya, sai wani yaro ya lura Girinlan, tsibirin da ke can arewacin duniya, ta kusa kai Afirka girma a taswira, a ƙwallon kuwa 'yar mitsitsiya ce. Na gaya musu Afirka ta ninka ta kusan sau 14, kuma irin zanen da mai zana taswira Mercator ya fitar a 1569 ne yake kumbura ƙasashen da suke nesa da layin da ya raba duniya arewa da kudu. Don su ga wahalar shimfiɗa duniya a takarda, muka ɓare lemo, suka yi ta ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a tebur yana yagewa. Har ƙarshen zango ba su daina maganar ba. Masanin tunanin yara Piaget ya nuna cewa yaro ɗan shekara 7 zuwa 11 ya fi gane abin da ya gani ya taɓa, kuma abin da na gani ke nan a ajina.

Ɗalibar koyarwa:

Na gode Baba, na gode Yaya, Allah Ya saka da alheri. Yau na yi zanen. Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba, ni ma ban kira ta ba. Amma ta zana kakarta riƙe da sanda a hannu, da ita kanta a gefe, kuma ita ce ta fara kawo mini nata in manna. Mako mai zuwa batun dokokin aji ne, ina so su tsara nasu da kansu. Yaya, a aji uku guda nawa kike ganin za su iya riƙewa?