Danƙon salatif a gilashin taga

Maƙwabciyarmu a Gwammaja ta ɓamɓare salatif daga gilashin tagarta ta ciki, danƙon ya ƙi fita, ƙurar hunturu ta manne masa har ya yi baƙi. Matan gida suka yi ta kawo shawara. Yawanci sun ce a shafa man gyaɗa ko kananzir, a bari minti 10 danƙon ya yi laushi, sannan a kankare da sabuwar reza a kwance, gilashin yana jiƙe. Ni dai man gyaɗa na zaɓa, warin kananzir a ɗaki ba daɗi. Hajiya ta ja kunne: ban da soson ƙarfe, kuma gilashi mai ledar tinti ba ya son reza. Sauran maiƙon, ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohuwar jarida.