Gwarzon hokin ƙanƙara: Gretzky ne ko akwai magana?

Ɗan Fagge: Jama'a, muhawara ta kaure a majalisarmu ta Kofar Mata bayan Alex Ovechkin ya wuce ƙwallaye 894 na Wayne Gretzky a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, a Afrilun 2025. To yanzu wa ke gaba, kuma da wane ma'auni ake haɗa 'yan zamani daban-daban?

Malam na Gwale: Ɗan uwa, ƙwallaye kaɗai ba sa yanke hukunci. Gretzky na da maki 2,857 a NHL, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci a haɗe, 1,963 daga ciki taimakon cin ƙwallo ne. Ko da bai taɓa jefa ko ɗaya a raga ba, da taimakon kawai ya fi kowa maki. Magana ta ƙare a nan.

Baban Zainab: Ba ta ƙare ba, Malam. A kakar 1981-82 ana cin kusan ƙwallo 8 a wasa, zuwa 2003-04 ta sauko kusa da 5. Gololin da can a tsaye suke tarewa, kayan kariyarsu ƙanana. Da salon durƙusawa irin na Patrick Roy ya bazu, ƙasan raga ya toshe. Sai a raba makin ɗan wasa da matsakaicin cin ƙwallo na kakar da ya buga, in ba haka ba 'yan shekarun 1980 za su cinye jerin. A duba Mario Lemieux ma, maki 1,723 a wasa 915 kacal, ga ciwon baya ga ciwon daji.

Hajiyar Tarauni: Kun manta Bobby Orr. Ɗan baya ne, amma sau biyu yana fin kowa maki a gasar, 1970 da 1975. Gwiwa ce ta tsayar da shi a wasa 657.