Eriyar faci mai hawa biyu ta 5 GHz: faɗin zangon ya ƙi ƙaruwa, ku taimaka

Ɗan_Aji_Biyar:
Salamu alaikum jama'a. Furojet ɗina na ƙarshe nake yi kan eriyar faci ta WiFi (ɗan shimfiɗaɗɗen yankin tagulla a kan allo, shi ne facin), ana so ta kama daga 5.15 zuwa 5.85 GHz, kuma gen ɗinta, wato ƙarfin tattara sigina wuri guda, kar ya gaza 8 dBi. Na fara da faci ɗaya a kan allon FR4 (allon sakit na yau da kullum) mai kaurin mm 1.6, facin ya fito wajen mm 16.6 da 12.4, a manhajar similashan ta CST ya faɗo daidai 5.5 GHz amma faɗin zangon bai wuce MHz 200 da 'yan kai ba, alhali 700 nake nema. Sufabaiza ya ce in ɗora wani facin a sama, na ɗora wani FR4 ɗin kai tsaye a kansa da faci girma ɗaya, to yanzu S11 (layin da ke nuna wutar da ke dawowa baya daga eriyar) ya rabu gida biyu, rami nan rami can, tsakiya kuma ya haura sama da -10 dB, gen ma ko 5 bai kai ba. Sati biyu kenan ina ta canza lambobi ba tsari wallahi. Ina nake kuskure?

Injiniya_RF:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ramuka biyun nan da ka gani ba matsala ba ce, su ne ma abin da ake nema, don duk dabarar hawa biyu ita ce a samu rezonans biyu, wato mitoci biyun da eriyar ta fi amsawa, kusa da juna su haɗu su zama zango ɗaya mai faɗi. Naka sun yi nisa da juna ne saboda facin biyu sun matse, mm 1.6 kawai a tsakaninsu, riƙon da suka yi wa juna ya yi yawa sai suka ture juna.

Cire allon saman nan, ka bar iska a tsakani. Lamda, wato tsawon igiyar siginar, a 5.5 GHz wajen mm 54.5 ne, ka fara da gibin mm 4 zuwa 5, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na lamda. Facin sama ka buga shi a cikin siririn allo ka kifa shi, tagullar na kallon ƙasa, allon ya zama masa murfi. Kuma tunda yanzu a iska yake dole ya fi na ƙasa girma, ba girma ɗaya ba, fara daga wajen mm 18 ka riƙa matsawa rabin mm rabin mm.

Abin da zai fi taimakonka kuma, ka daina zura wa S11 ido, buɗe taswirar Smith, zanen da'irar nan mai nuna yadda eriya ta daidaita da layin da ke ciyar da ita. Za ka ga layin ya yi wani ɗan zobe. Zoben nan shi ne komai. In ya yi girma riƙon ya yi yawa, ƙara gibin. In ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa riƙon ya yi rauni, rage gibin. In girmansa ya yi daidai amma yana gefe, to kar ka taɓa facin, wurin da allurar SMA (tsinken mahaɗin kebul mai kai wuta facin) ta shiga za ka matsar har zoben ya zagaye tsakiya ya zauna cikin da'irar VSWR 2, wadda kusan ita ce iyakar -10 dB ɗin nan. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci ɗaya don Allah, ba uku ba.

Mai_Soda:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara maganar FR4 ɗin. Allon nan asararsa wajen 0.02 ce, a 5 GHz yana cin wuta sosai, kuma abin haushin shi ne asarar tana sa S11 ya yi kyau, ka ga zango ya faɗaɗa kana murna, ashe wutar ba fita take ba, a cikin allon take ƙonewa. Shi ya sa gen ɗinka ya tsaya ƙasa da 5. Ka duba kashi nawa na wutar ke fita a similashan ɗin, ba S11 kaɗai ba. Allon Rogers 5880 lambar dayilektrik ɗinsa (wadda ake lissafin girman faci da ita) 2.2 ce asara 0.0009, RO4003C kuma asararsa 0.0027, bambancin kamar sama da ƙasa, sai dai tsada ga wahalar samu, sai an yi oda daga waje a jira. In ba hali ka bar FR4 a ƙasa kawai, iskar da ke sama za ta rage ɓarnar, 7 zuwa 8 dBi abu ne mai yiwuwa.

Sannan lambar dayilektrik 4.4 da kowa ke sa wa FR4 kar ka ɗauke ta kamar yankan wuƙa. Na taɓa buga eriyar 2.4 GHz da allon da na saya a kasuwa, na ci ta da ferik kulorayid (sinadarin cire tagulla) na haɗa tsaf, da na auna sai ta gudu ta bar inda na zana ta, na zauna da reza ina kankare tagulla kaɗan kaɗan daga bakin facin har ta hau. Ka bar wa kanka rara a gefe biyun zangon, zana ta ta ɗan wuce 5.15 da 5.85.

Ɗan_Aji_Biyar:
Allah ya saka da alheri Injiniya, na sa gibin mm 4.5 facin sama 18, zoben ya fito kamar yadda kuka ce amma duk ya karkata sama a taswirar. Sannan da me zan riƙe allon saman in na zo haɗawa? Kuma in na ƙara gibin sosai gen zai ƙaru?

Injiniya_RF:
Karkata sama alamar indoktans ce, allurar SMA ke kawo shi. A mm 1.6 bai kamata ya yi yawa ba, duba ko ka zana allurar da kaurinta na gaske, mm 1.27, don wasu sai su sa siririn layi su manta. In ya ƙi, yanka ɗan siririn zobe a tagullar facin kewaye da allurar, zai zama kamar kafasita ya ja shi ƙasa. Akwai kuma hanyar ciyarwa ta tsaga, wadda David Pozar ya fito da ita a 1985, layin yana bayan farantin ƙasa wutar na bi ta tsaga ta hau facin, ita ta fi ba da faɗi ba kusa ba kuma ba soda, amma allo uku ne za ka daidaita da hannu ga wuta na ɗan fita ta baya. Kashi 13 cikin ɗari kake nema, allura ta ishe ka.

Gibin kuwa, e, in ka kai shi wajen rabin lamda gen yana tashi, amma faɗin zangon da ka sha wahala a kai zai tsuke ya koma kamar na faci ɗaya. In ana son fiye da 8 ko 9 dBi sai jerin faci, huɗu biyu-biyu da tazarar wajen 0.7 na lamda, a lissafi ƙarin 6 dB ne, a FR4 kuwa layukan rabon wuta za su cinye wani abu daga ciki. Kuma kar ka matse farantin ƙasa, ba shi ko lamda ɗaya a kowane ɓari.

Mai_Soda:
Riƙe allon saman kuwa, noti da kusa na roba, huɗu a kusurwa nesa da facin, ban da ƙarfe. Ko farin soson nan na cikin kwalin talabijin, kusan iska ne a wurin eriya, sai dai yanka shi daidai mm 4.5 aiki ne, kuma rabin mm a nan yana motsa zoben. Ni notin na fi so don kana iya ƙara wasa (siririn zoben da ake sa wa noti) ko ragewa kana kallon na'ura. Ka sa ramukan da notin a cikin similashan ɗin tun yanzu. Sai maganar awo, ƙaramar na'urar auna S11 ta NanoVNA ta farko ba ta kai 5 GHz, LiteVNA ce ke zuwa 6.3, ka tambayi na lab ɗinku tun wuri wace suke da ita kuma ko kayan kalibireshan ɗin na nan, kar sai ana saura kwana uku difens ka fara nema.