Ma'aikatan gidan abinci a Jos: ta ina za mu fara haɗa kai?

Maman Hanif:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani gidan abinci wajen Terminus. Da wanke-wanke na fara, yanzu ni ke kai wa kwastomomi abinci. Bakwai na safe muke shiga, sai goman dare mu tashi, ga neman keke zuwa Anguwan Rogo cikin sanyin nan. Duk wannan mun haƙura. Abin da ke ci mini rai yankan albashi ne: faranti ya fashe a cire, kwastoma ya sulale bai biya ba a cire. Watan jiya man suya ya ƙona wata yarinya a hannu, ta kwanta jinya, aka zaftare mata kuɗin kwanakin. Ranar na kasa haɗiyewa, na tari manaja. Tun daga nan duk mai damuwa ni yake nema, har 'yan kicin. Muna da ikon kafa ƙungiya? Za a iya korata a kan haka?

Kwamared Bukuru:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ku wannan 'yancin. Yi wa sabuwar ƙungiya rajista sai da mutum 50, amma ba sai kun bi ta nan ba. Ma'aikatan otal da gidajen abinci suna da tasu, NUHPSW, a ƙarƙashin NLC, wato Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa. Dokar ƙwadago ta hana korar mutum don ya shiga ƙungiya, kuma Kotun Ma'aikata tana zama a nan Jos. Kuɗin faranti ma ba a cirewa sai da amincewar jami'in ƙwadago. Ku nawa ne? Mafi ƙarancin albashin N70,000 na 2024 bai hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba.

Inna Talatu:
'Yata, Kwamared ya faɗi gaskiya, amma na tsufa a kicin ɗin otal. Ba wanda zai ce ƙungiya ce ta sa ya kore ki, cewa zai yi kin makara. Kada ki ƙara shiga ofishin manaja ke kaɗai. Mu da adashe muka fara, a nan muka san mai riƙe sirri da mai kai rahoto. Ki sayi littafi, duk wadda aka yanke wa kuɗi a rubuta rana da adadi, ta sa hannu. Don Allah kuma ki jawo kowa, Musulmi da Kirista. Kin san garin nan, ta nan za a fara raba ku.

Maman Hanif:
Na gode Inna, Allah ya ƙara girma. Gobe zan sayi littafin. Kwamared, idan aka haɗa da reshenmu na Rayfield mun haura 25, mai gida ɗaya ne. A haɗe ake ƙirga mu ko daban-daban?