Ana iya gasa damfa ta Ostareliya a murhun gawayi?

Amaryar Jega: Salamu alaikum. Don Allah wa ya san damfa, burodin nan na makiyayan Ostareliya da ba a sa wa yis? Ba ni da obin, sai murhun gawayi.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yata. Ai asalinsa ma na wuta ne, masu kora shanu a dajin can cikin toka mai zafi suke binne shi. Fulawa kofi 3, bekin foda ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, bota giram 80. Ki murje botar cikin fulawa da yatsu har ta yi wara-wara, sai ki zuba madara ko ruwa kofi ɗaya saura kwata. Ki haɗa, ki dunƙule, ki tsaga gicciye a sama da wuƙa.

Malam na Argungu: Kada ki yi ta luguden kwaɓin kamar na burodi, tauri zai yi. Matsalar gawayi kuwa, ƙasa ya ƙone ciki ɗanye. Ki sami tukunyar ƙarfe mai kauri, ki barbaɗa fulawa a gindinta. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, minti 30 zuwa 35. Ki ƙwanƙwasa bayansa. In ya yi ƙarar holoƙo, ya gasu.

Amaryar Jega: Hajiya, man shanu fa?

Hajiya Babba: Zai yi, amma mai sanyi, ba soyayye ba. Su mutanen Ostareliya da ruwan sukari mai kauri suke cin damfa, zuma ma ta fi. A cinye ranar, don kwana ɗaya yake bushewa.