Yaro ya zo da zazzaɓi, an riga an ba shi farasitamol a gida: a ƙara ko a jira?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. Masu aiki a sashen gaggawa, don Allah ku taimaka. Yaro mai kilo 12, zafin jikinsa 39.5, uwar ta ce ta ba shi farasitamol na ruwa amma ba ta san adadin ba. A ƙara masa? In kuma yana jijjiga fa?

Babbar nas: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba: miligiram 15 kan kowane kilo, bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Nasa 180 ke nan. In kwalbar mai miligiram 120 a mililita 5 ce, ya sha mililita 7.5. Amma ki fara cewa uwar ta nuna miki kwalbar da cokalin, ta faɗi ƙarfe nawa ta ba shi. In bai kai awa 4 ba, a jira. Ki tambayi maganin mura ma, da yawa daga cikinsu da farasitamol a ciki, nan ake ninka wa yara ba a sani ba.

Likitan yara: Mai jijjiga ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a auna sikarin jininsa, in jijjigar ta wuce minti 5 a ba shi diyazefam ta dubura. Farasitamol ba ya tsayar da jijjiga, ba ya kashe cutar. A yi gwajin maleriya, a duba wuya saboda sanƙarau.

Mai harhaɗa magunguna: Farasitamol na ƙarin ruwa ya fi ba ni tsoro. Kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10, wanda ya rikita miligiram da mililita ya ba yaro ninki goma. Wannan yaron mililita 18 zai samu, a cikin minti 15, ba kwalbar mililita 100 gaba ɗaya ba. Wanda kuwa ya sha fiye da miligiram 150 kan kowane kilo, ranar farko sai ɗan amai kawai, a ɗauka ya warke, sai a kwana na biyu ko na uku hanta ta fara lalacewa, ido ya yi rawaya. Kada a sallame shi. A ɗebi jini bayan awa 4 da shan, a fara N-acetylcysteine, maganin da ke kare hanta daga gubar farasitamol, kafin awa 8 ta cika.